Bautar da Yara da Baƙin Ma'aikata a Littafin *The Jungle* na Upton Sinclair

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba littafin *The Jungle*, watau Ƙungurmin Daji, wanda Upton Sinclair ya buga a Amurka a 1906, bayan ya yi mako bakwai a 1904 yana zaga mayankan birnin Shikago. Manufarmu ita ce mu auna jigonsa da salonsa, mu ga ko ya cim ma abin da ya nufa.

Jigo da Warwararsa

Babban jigon littafin shi ne zaluncin masu jari a kan baƙin ma'aikata. Babban tauraro, Jurgis Rudkus, ya taso da iyalinsa daga Lituwaniya yana taƙama da ƙarfin damtsensa. Da yake ba su jin Turanci, sai aka cuce su a cinikin gida. Aiki cikin ruwan gishiri da sinadari ya kashe mahaifinsa, wani shugaban aiki ya keta mutuncin matarsa Ona, daga baya ta rasu wurin haihuwa.

A ganinmu, inda marubucin ya fi nuna gwaninta shi ne labarin yaro Stanislovas. Doka ta hana ɗaukar ƙananan yara aiki, amma talauci ya sa iyalin suka samo takardar da ta ƙara masa shekaru. Sai aka tsai da shi gaban inji yana jera gwangwanayen kitse tun safe har dare. Ƙarshensa, barci ya kwashe shi a wata masana'anta, aka kulle shi ciki, ɓeraye suka cinye shi. Da wannan Sinclair ya nuna cewa doka ita kaɗai ba ta tsare yaro muddin abin da uba ke samu bai ci da gida ba, domin iyalin da kansu ne za su nemi hanyar kauce mata.

Salo da Rauninsa

Salon littafin na siffantawa ne dalla-dalla, har mai karatu ya ji kamar yana shaƙar warin mayanka. Amma wannan ƙarfi shi ne ya karkatar da saƙon. Bayanin ruɓaɓɓen naman da ake niƙawa a sayar ya fi tayar wa jama'a hankali bisa wahalar masu niƙa shi. Cikin watan Yuni na 1906 shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar duba nama da ta tsabtar abinci da magunguna. Mai saye ya sami kariya, ma'aikaci kuwa ya tashi a tutar babu. Sai a 1938 aka sami dokar tarayya mai ɗorewa da ta taƙaita aikin yara.

Rauni na biyu yana a babobin ƙarshe, inda labari ya tsaya cik, aka shiga dogayen jawabai na aƙidar gurguzu, Jurgis ya koma ɗan kallo. A nan wa'azi ya rinjayi fasaha.

Kammalawa

Duk da haka littafin bai tsufa ba. A watan Fabrairu na 2023 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta ci kamfanin Packers Sanitation Services tarar kimanin dala miliyan 1.5, saboda ya sa yara aƙalla 102, masu shekaru 13 zuwa 17, wanke zartuna da injuna da sinadarai masu ƙuna cikin dare, a mayankai 13 na jihohi 8. Binciken 'yan jarida a shekarar ya nuna cewa da yawa daga yaran da ke irin wannan aiki baƙi ne daga Amurka ta Tsakiya. Saboda haka muna ganin ya kamata malaman adabi su mai da hankalin ɗalibai kan Stanislovas idan suna koyar da littafin, domin nan ne marubucin ya nufa tun farko.