Saiti: Tsakanin Idon Maharbi da Jan Ɗigon Gilashi

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda duwatsu da dazuka suka miƙa har iyakar Ningi, harbi tsohuwar sana'a ce. Baka da kwari ne suka riga bindiga, kuma har gobe Sarkin Baka ne shugaban maharba. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Sannu a hankali bindiga ta gangaro daga fada zuwa hannun talaka, maƙera suka naƙalci ƙirarta, ta zama abokiyar tafiyar maharbi a garuruwa irin su Kangire.

Duk wanda ya riƙe bindigar toka ya duba ta da kyau zai ga ba ta da wani abin saiti na a zo a gani. In an yi sa'a akwai ɗan ƙullutun ƙarfe a bakinta, shi ke nan. Sauran aikin yana jikin maharbi: inda yake kafa ƙota a kafaɗa, inda kuncinsa ke sauka a kan itacen, da yadda yake riƙe numfashi kafin ya taɓa kunama. Ga shi kowace bindiga da halinta, tunda hannu ne ya ƙera ta. Wata tana jefawa hagu, wata ƙasa, kuma mai ita ne kaɗai ya san yadda zai rama mata. Harbi ɗaya gare shi kafin ya sake ɗuri, don haka dole ya iya sanɗa, ya san inda iska ta dosa, ya matso kusa da gada ko zabon daji har kuskure ya yi wuya.

A ƙasashen Turai da Amurka an bi wata hanya dabam. Sun ɗora ƙarafa biyu a saman bindiga, na baya mai tsaga, na gaba a tsaye, mai harbi ya daidaita su da abin da ya nufa. Matsalar ita ce ido ba ya iya tsayawa a kan nisa uku lokaci guda, dole ɗaya ya fito sarai sauran su dushe. A 1900 Howard Grubb, maƙerin madubin hangen taurari a Dublin, ya fito da saiti mai haska alama a jikin gilashi. A 1975 kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fara sayar da mai jan ɗigo da ke aiki da batir. Mai harbi ya buɗe idanunsa biyu, ya dubi abin da yake so, ya ɗora masa ɗigon. Da na'urar ta ƙanƙance, irin RMR ta kamfanin Trijicon da ta fito a 2009, sai ta hau kan ƙaramar bindigar hannu.

Sai dai samun wannan sauƙi bai sa masana sun yar da tsohon ƙarfe ba. Muhawara ma suka buɗe a kan inda ya kamata a ajiye shi. Wasu suna son ƙarafan su yi tsawo har kan na gaba ya haɗu da ɗigon a tsakiyar gilashi, don in ɗigo ya mutu hannu ba zai canza komai ba. Wasu sun ce hakan yana cushe tagar da aka saya don ta buɗe gani, gara ƙarfen ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan gilashin, ana ganinsa amma bai tare hanya ba. Haka kuma an rabu a kan ƙarfen baya. Masu sa shi a bayan gilashi suna samun tazara mai tsawo tsakanin ƙarafan biyu, wadda ke ƙara daidaito, kuma yana taimaka wa sabon shiga ya lalubo ɗigon. Masu sa shi a gaban gilashi sun rage tazarar, amma sun share wa ido hanya, ƙarfen kuma yana ɗan kare gilashin daga karo.

Duk ɓangarorin sun haɗu a kan abu ɗaya: na'ura tana iya cin amana. Batir yana ƙarewa, gilashi yana tsagewa, ruwa ko ƙura suna toshe ƙwayar hasken, noti yana kwancewa ɗigo ya kauce ba a sani ba. Wanda ya san ƙurar hunturu a kudancin Jigawa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ƙarfen shi ne mai shaida, da shi ake gane ko ɗigo ya fara ƙarya.

Wannan muhawara ba ta shafi manomin Kangire kai tsaye ba. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindigar hannu cikin makaman da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, ita kuwa bindigar toka lasisinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Amma maharbinmu shi ma ya samu tasa na'urar mai batir, wato fitilar goshi. Da ita farautar dare ta yi sauƙi: a haska, idon dabba ya yi ƙyalli, ta tsaya cak, a harba. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, mene ne ƙarfen ajiyar wannan maharbi?

A nan nake ganin al'adarmu tana rauni ta fuska biyu. Na farko, yaron da ya tashi da fitila yana iya girma bai iya karanta sawu da kashin dabba ba, bai san tafiyar wata ba, bai iya gane kukan tsuntsu mai tona asirin abin da ke cikin duhuwa ba. Kuma fitila ƙyallin ido kawai take nunawa. Ba ta bambance gada da akuyar makiyayi, ba ta kuma faɗa maka wanda ke tsugune a bayan kurmin. Iya saiti dabam, sanin abin da ake saitawa dabam, kuma na biyun ne yake hana zubar da jinin bayin Allah.

Na biyu, mun saba jingina ƙwarewar tsofaffin maharba ga laya da asiri, mu manta da shekarun da suka yi suna gwaji. Abin da aka ɗauka sirri ne kuwa ba a koyar da shi a fili, sai ya bi mai shi kabari. Waɗancan masu jan ɗigo sun auna, sun gwada, sun rubuta dalilin kowane zaɓi, shi ya sa ɗalibinsu yake iya gardama da malaminsa da hujja.

Yanzu da maharba suka shiga aikin sintiri a sassa da dama na Arewa, nauyin da ke kan yatsansu ya ƙaru. Ya kamata sarakunan baka su mai da shi sharaɗi cewa ba wanda zai ɗaura fitila sai ya ƙware da rana a gaban manya, ya san halin bindigarsa, ya kuma nuna yana iya sauke ta in bai tabbatar da abin da ke gabansa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ilimin da dattawan maharba ke ɗauke da shi yana nan da ransa, kuma lokacin karɓarsa daga bakinsu shi ne yanzu.