Masu Kiran Duniya da Wat Biyar

Scafell Pike shi ne dutse mafi tsawo a Ingila, mita 978, kuma babu hanyar mota zuwa ƙololuwarsa. Cikin masu hawansa akwai waɗanda za ka gane da wata sanda da ke leƙowa daga jakar bayansu. Idan ɗayansu ya kai sama, sai ya nemi gefen da iska ba ta bugawa sosai, ya zare sandar nan gaɓa-gaɓa har ta kai mita shida ko bakwai, ya rataya mata siririyar waya, ya ja bakin wayar biyu ya danne da duwatsu. Daga nan ya zauna a ƙasa, ya ɗora wata 'yar rediyo a cinya, ya jona ta da batir. Kafin a jima yana magana da wani a Jamus ko Sifaniya, ranar da aka yi dace ma har Amurka. Babu layin tarho a tsakaninsu, babu intanet, babu wutar gari. Ƙarfin da yake fitarwa sau da yawa wat biyar ne kacal.

Waɗannan su ne masu rediyon sha'awa, mutanen da suka ci jarrabawa, hukumar ƙasarsu ta ba su lasisi da lambar kira, aka ware musu wasu zanguna a iska su riƙa magana da juna ba don neman kuɗi ba. Abin ya daɗe: ƙungiyarsu ta Amurka, ARRL, tun 1914 aka kafa ta, ta duniya kuma a Paris a 1925. Hawan dutse da rediyo shi ne ya zo daga baya, a ƙarƙashin wani tsari mai suna Summits on the Air, ana taƙaita shi da SOTA, wanda John Linford ya kawo shawararsa, aka fara shi a Birtaniya ranar 2 ga Maris 2002. Dokokinsa ba su da yawa amma ba su da sassauci. Da ƙafarka za ka ƙarasa hawa, kayanka a jikinka. Inda za ka zauna kada ya yi ƙasa da ƙololuwa da fiye da mita 25. Sai ka yi magana da tashoshi huɗu daban-daban kafin a ba ka makin dutsen, daga ɗaya zuwa goma gwargwadon tsawonsa, kuma sau ɗaya dutse yake ba mutum maki a shekara. Wanda ya tara maki 1,000 ana ba shi lambar yabo ta Akuyar Dutse. Janareto kuwa an hana shi ƙwata-ƙwata: batir ko hasken rana.

A ganina wannan doka ta ƙarshe ita ce uwar gwanintar. Mai tasha a gida idan ba a ji shi ba sai ya ƙara wuta. Wanda ke kan dutse ba shi da wutar da zai ƙara, dole ya yi lissafi. Babbar rediyo mai wat 100 tana jan kusan amfiya 20 duk lokacin da aka matsa makirfo. Batirin da zai ɗauki wannan na awoyi, in na ruwa ne irin na mota, ba a hawa dutse da shi, kuma ko an kai shi ba a so a sha fiye da rabin cajinsa don kada ya mutu da wuri. Ƙaramar rediyo irin Yaesu FT-817, wadda ta fito a farkon shekarun 2000 ta zama abokiyar tafiyar mutane da yawa, tana jan amfiya 2 idan ana magana, ƙasa da rabin amfiya idan ana sauraro. Gwani ya san cewa kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa ne zai yi yana magana, sauran duk sauraro ne. In ka haɗa, abin da zai ci a awa ɗaya bai kai amfiya guda ba. Ke nan batirin litiyam mai amfiya-awa 3, wanda bai kai rabin kilo ba, zai riƙe shi awa uku har da ɗan canji. Yadda matafiyin hamada yake sanin ruwan da ya rage a salkarsa ba tare da ya kwance bakinta ba, haka yake sanin abin da ya rage a batirinsa. Zai rage hasken fuskar rediyo, ya kashe lasifika ya sa abin kunne, ya gajarta kiransa. In sanyi ya yi yawa ya cusa batirin cikin riga, domin sanyi yana rage masa ƙarfi.

Mai karatu zai ce to ai wanda ya sauko daga wat 100 zuwa biyar ya yi asarar kusan komai. Ba haka abin yake a kunnen mai sauraro ba. Ma'aunin ƙarfin sigina da ke fuskar rediyo maki tara gare shi, kuma sai an ninka wuta sau huɗu kafin allura ta motsa da maki ɗaya. Duk tazarar da ke tsakanin wat 100 da wat biyar maki biyu ne da ɗan kaɗan. Wanda da za a ji shi a maki tara, za a ji shi a bakwai ko shida da wani abu, kuma wannan murya ce da ake fahimta sarai. Matsala tana zuwa ne idan dama siginar tana bakin ɓacewa. A nan ne sauran ilimin yake shigowa, domin maki biyun nan ana iya fanso su daga wani wuri.

Wuri na farko eriya ce, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Waya ce kawai, amma tsawonta ba a yankan shi da ka. Igiyar rediyo ta megahaz 14 tsawonta kusan mita 20 ne, eriyar da ta dace da ita rabin wannan ce, mita biyar hagu, mita biyar dama, kebul ya sauko daga tsakiya zuwa rediyo. Ta megahaz 7 ninkin wannan ce. In tsawon bai daidaita ba, wani kaso na wutar ba ya fita, komowa yake yi ta kebul, rediyon ta ji haka ta rage ƙarfinta don kare kanta. Mai wat biyar ba shi da abin da zai zubar, shi ya sa tun a gida yake shimfiɗa wayarsa a fili, ya gwada, ya datse tsawon ɗan yatsa guda daga kowane gefe, ya sake gwadawa, har allurar da ke nuna wutar da ke komowa ta kwanta. Da yawa suna yanka wayar gida-gida, su sa 'yan maƙalai a tsakani. In mutum yana son sauya zango sai ya sauke sandar, ya ɓalle maƙali ɗaya a dama, ɗaya a hagu, eriyar ta gajarce, ya sake ɗagawa. Ka dubi wannan a kan dutse, iska tana kaɗa waya, yatsu sun ƙage don sanyi, maƙalin bai fi ƙwayar wake ba. Wanda ya saba yana gamawa cikin minti biyu ba tare da waya ta harɗe ba, domin tun wajen naɗe ta a kan ɗan katako ya naɗe ta yadda za ta warware da kanta. Sandar ma ba wata ta musamman ba ce, galibi ta masu fatsar kifi ce, mara nauyi, da ke shigewa cikin juna. A daji mai itatuwa ko ita ba a buƙata: a ɗaura ɗan abu mai nauyi a bakin igiya, a wurga ta kan reshe, a ja wayar sama.

Wuri na biyu sama ce. Can nesa da ƙasa, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, akwai sashen iska da hasken rana yake cajawa, ayonosfiya. Ɓangarensa na sama yana lanƙwaso igiyoyin gajeren zango su dawo ƙasa, tsalle ɗaya yana iya kai kilomita 4,000. Ɓangarensa na ƙasa kuwa da rana shanye ƙananan zanguna yake yi, da dare ya watse. Duk wanda ya taso yana murɗa akwatin rediyo yana neman Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ya san wannan a aikace: mitar da ke fita tas da asuba ba ita ke fita da rana ba, shi ya sa gidajen rediyo suke sanar da mitoci daban-daban na safe da na dare. Mai rediyon dutse da wannan ilimin yake aiki, sai dai shi ne mai zaɓar mitar. Da hantsi in yana son maƙwabtan ƙasashe ya hau zangon mita 40, in yana son nesa ya koma na mita 20. A shekarun da rana take kan ganiyar zagayenta na shekara 11, zangon mita 10 yakan buɗe har wat biyar ya tsallaka teku. Tsayin eriya ma zaɓi ne. In ya bar ta ƙasa-ƙasa, siginar ta miƙe sama ta zubo a kewayen 'yan ɗaruruwan kilomita, har cikin kwaruruwan da duwatsu suka tare. In ya ɗaga ta, ta tafi a kwance ta yi nisa.

Akwai kuma wata riba da fita daga gari take bayarwa kyauta. Cajar waya, inbata, ƙwayayen fitila na zamani, duk suna fitar da shuu a gajeren zango, har a wasu unguwanni ya danne kowace ƙaramar sigina. A kan dutse wannan shuu babu shi, sai mutum ya ji tashoshin da a gida bai san suna nan ba. Amma fa yana iya ɗauko hayaniyar da hannunsa. Masu kwana biyu ko uku a waje suna tafiya da farantin sola mai naɗewa, kuma na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, in mai araha ce, takan cika rediyo da tsaki. Gwani ya gwada tasa tun a gida. In tana ƙara, ya nisanta ta da eriya, ko ya tafi da batir biyu, ɗaya yana shan rana ɗaya yana aiki. Inbata kuwa ba ya kusantarta, tunda rediyon da bolt 12 take aiki kai tsaye, kuma duk juyin da aka yi wa wuta sai wani abu ya salwanta.

Sai kunne. Tun 2003 dokar duniya ta daina wajabta sanin bugun Mos kafin a ba da lasisin gajeren zango, amma masu hawan dutse da yawa suna koyonsa da kansu, saboda duk wutar tana taruwa a siririn sauti ɗaya, yana ratsa inda murya ba ta ratsawa, kuma rediyon Mos zalla tana shiga aljihu. Akwai sabuwar hanya, FT8, da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Kwamfuta ce take aika saƙo duk daƙiƙa 15, tana tsinto siginar da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Abin a yaba ne, amma ni na fi jinjina wa wanda zai kira CQ, wato kiran duk mai ji, tashoshi goma su amsa a lokaci guda, murya kan murya, ya tsinci haruffa biyu daga ciki, ya maimaita su, ya jira mai su ya cika sauran, ya ba shi rahoton sigina da lambar dutsen, G/LD-001 in Scafell Pike ne, ya rubuta lokaci da fensir domin biro ba ya ci a jiƙaƙƙiyar takarda, ya wuce ga na gaba. Duk wannan yana yi ido ɗaya yana kan gajimare, domin sanda mai waya a ƙololuwar dutse ba abin riƙewa ba ce in hadari ya taso. Irin wancan rububin masu amsa kira shi ne yake samun duk wanda ya kira da lambar da ta fara da 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar, saboda tashoshin ba su da yawa kuma masu tara ƙasashe, wato masu lissafa ƙasashen da suka yi magana da su, suna nemansu ruwa a jallo.

Wanda gwiwarsa ba ta ɗaukar dutse yana da Parks on the Air, wanda ya samo asali daga bikin da ARRL ta shirya a 2016 na cikar hukumar gandun dajin Amurka shekara 100. A can magana sau goma ake buƙata a yini ɗaya, kuma ana iya zama a inuwa a kan benci. Mafi tsufa a cikin waɗannan tsare-tsare shi ne Field Day, da ake yi tun 1933, yanzu a ƙarshen mako na huɗu na watan Yuni. Dubban mutane a Amurka da Kanada suna kafa tantuna a filaye su yi awa 24 suna kira, kuma duk wanda ya tsaya a wat biyar da batir ko sola ana ninka makinsa sau biyar. Manufar a fili take, a gwada ko za a iya magana ranar da wuta da layukan tarho suka tafi.

Ranar takan zo. A watan Disamba 2004 wata tawagar masu rediyon sha'awa ta Indiya, ƙarƙashin jagorancin Bharathi Prasad, tana Port Blair a tsibiran Andaman da lambar VU4RBI, bayan an daɗe ba a ba kowa izinin kira daga can ba. Sun je ne don su ba masu tara ƙasashe damar samun tsibiran a littafinsu. Ranar 26 ga wata girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa yankin, hanyoyin sadarwa suka tsinke. Tawagar ta ajiye abin da ya kawo ta, ta juya eriyarta zuwa babban yankin Indiya, wasu daga cikinsu suka ɗauki kaya zuwa tsibiran da abin ya fi shafa. Kwanaki suka yi suna isar da saƙonnin jami'an agaji da na waɗanda suka tsira zuwa ga danginsu, wasu masu rediyo a biranen Indiya suna karɓa suna buga wa iyalai waya.