Jadawalin Cinikin Mako a Matsayin Ma'aunin Wasan Kwaikwayo na Waƙa: Nazari a kan Broadway

1.0 Gabatarwa

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai gidajen wasa 41 waɗanda a dunƙule ake kira Broadway, kowannensu yana ɗaukar 'yan kallo 500 ko fiye. Abin da ya fi cika waɗannan gidaje shi ne wasan kwaikwayo na waƙa, wato wanda ake tafiyar da labarinsa da magana da waƙa da kiɗa da rawa a haɗe. A farkon kowane mako, ƙungiyar masu gidaje da masu shirya wasanni, mai suna Broadway League, takan fitar da jadawali mai nuna kuɗin tikitin da kowane wasa ya tara a nuni takwas na makon da ya shige, da yawan waɗanda suka shiga, da matsakaicin farashin tikiti.

Sannu a hankali wannan jadawali ya zama tamkar alƙali: wasan da ke samansa a ce ya yi kyau, na ƙasansa kuwa a fara yi masa jaje. Manufar wannan maƙala ita ce a auna shi kansa ma'aunin, a ga abin da yake nunawa, da abin da yake ɓoyewa, da kuma tasirinsa a kan zubi da tsarin wasannin.

2.0 Ciniki Daban, Riba Daban

Kuɗin da ake kashewa a kan wasa iri biyu ne. Akwai uwar kuɗi, wadda masu zuba jari ke tarawa don ƙera kayan dandamali da ɗinka sutura da biyan 'yan wasa a lokacin gwaji. Akwai kuma kuɗin gudanarwa na kowane mako, wato albashi da hayar gida da talla da kason marubuta. Sai cinikin mako ya biya kuɗin gudanarwa tukuna, sa'an nan rarar ta tafi wajen mayar da uwar kuɗi. Jadawalin bai nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba. Abin da ya shigo kawai yake faɗi.

Wasan *Spider-Man: Turn Off the Dark* ya isa misali. An kashe kimanin dala miliyan 75 wajen kafa shi, an kuma nuna shi sau 182 a matsayin gwaji kafin a buɗe shi sosai a watan Yuni na 2011. A makon da ya ƙare ranar 1 ga Janairu, 2012, ya tara kusan dala miliyan 3, abin da babu wasan da ya taɓa tarawa a mako guda kafin lokacin. Amma kuɗin gudanar da shi ya haura dala miliyan 1 a kowane mako, saboda na'urorin da ke shawagi da 'yan wasa a saman 'yan kallo da yawan ma'aikatan da ke kula da su. Ko da aka rufe shi a watan Janairu na 2014, mafi yawan uwar kuɗin ba ta dawo ba. Wanda ya dogara da jadawalin kaɗai zai ɗauka wasa ne mai albarka, alhali kuwa, kamar yadda Bahaushe ke cewa, ba girin-girin ba, ta yi mai.

3.0 Daɗewa ba ta Hana Rufewa

*The Phantom of the Opera*, wanda Andrew Lloyd Webber ya tsara kiɗansa, Harold Prince ya ba da umarni, an buɗe shi a gidan Majestic a watan Janairu na 1988. Ya mayar da uwar kuɗinsa tun da wuri, ya kuma tara fiye da dala biliyan 1 a wannan gida ɗaya. Duk da haka, bayan annobar korona ta sa an rufe Broadway daga watan Maris na 2020 har tsawon kimanin wata 18, sai ya dawo ya tarar da kuɗin gudanarwa ya tashi zuwa kusa da dala miliyan 1 a mako, baƙi masu yawon buɗe ido kuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan cinikinsa, ba su gama dawowa ba. Wasa ne mai makaɗa 27 da kayan dandamali masu nauyi, ba a iya rage shi ba tare da an ɓata shi ba.

A watan Satumba na 2022 aka ba da sanarwar rufewa. Nan take jama'a suka yi ca a kan tikiti, har aka ɗage ranar daga Fabrairu zuwa 16 ga Afrilu, 2023, cinikin makonnin ƙarshe kuwa ya haura dala miliyan 3. An rufe bayan nuni 13,981. Abin lura a nan shi ne, rubutun wasan da kiɗansa ba su canza ba tsakanin makonnin ƙunci da na yalwa. Tsoron rasa shi ne ya ninka ciniki. Ke nan jadawalin yana auna zumuɗin kasuwa ne, ba ingancin abin da ke kan dandamali ba.

4.0 Jadawali a Hannun Mai Gida

Haɗarin waɗannan alƙaluma bai tsaya ga ra'ayin jama'a ba. A yarjejeniyar haya akan sa wani sharaɗi, cewa idan cinikin wasa ya faɗi ƙasa da wani adadi mako biyu a jere, mai gida yana da ikon ya tashe shi. Haka ta faru ga *Beetlejuice* a gidan Winter Garden. An buɗe shi a watan Afrilu na 2019, ciniki ya yi rauni da farko, daga baya matasa suka rungume shi ta kafofin intanet har yana haura dala miliyan 1 a mako. Amma a watan Disamba aka sanar cewa dole ya bar gidan, bisa hujjar waɗancan makonni na rauni, domin a ba *The Music Man* wuri, wanda tauraron fim Hugh Jackman zai fito a ciki. Wasan da ke buƙatar lokaci kafin mutane su gane shi, wannan sharaɗi ba ya yi masa uzuri.

5.0 Abin da Kuɗi Bai Auna Ba

Tarihin Stephen Sondheim ya nuna nisan da ke tsakanin ciniki da daraja. *Follies*, na shekarar 1971, an nuna shi sau 522, amma masu jari ba su mayar da kuɗinsu ba. A yau kuwa manazarta suna sa shi cikin fitattun ayyukan wannan fanni. *Merrily We Roll Along*, wanda labarinsa ke tafiya daga ƙarshe zuwa farko, an rufe shi a 1981 bayan nuni 16 kacal. Da aka sake kawo shi a 2023, ya mayar da kuɗinsa, ya kuma ci kyautar Tony a 2024. Sai dai adalci ne a ambata cewa an yi wa rubutun gyare-gyare a tsakani, kuma sunan Daniel Radcliffe ya taimaka wajen jan jama'a. Haka nan *A Strange Loop* na Michael R. Jackson ya ci kyautar Pulitzer a 2020 da ta Tony a 2022, amma aka rufe shi a watan Janairu na 2023.

6.0 Tasiri a kan Zubi da Tsari

Tun da yawancin wasanni ba sa mayar da uwar kuɗinsu, masu shiryawa sun koyi dabarun kauce wa asara, kuma waɗannan dabaru sun shiga cikin jikin adabin. Dabara ta farko ita ce a ɗauko abin da jama'a suka riga suka sani, ko sanannen fim ko waƙoƙin wani mawaƙi, kamar yadda aka gina *Mamma Mia!* a kan waƙoƙin ABBA. A irin wannan, labari ne ke yi wa waƙa hidima, maimakon waƙa ta fito daga cikin labari. Ta biyu ita ce rage nauyi. *Chicago*, da aka sake kawowa a 1996 da kayan dandamali kaɗan, ya haura shekara 25 ana nuna shi, domin ƙaramin ciniki ma yana riƙe shi. Wannan tsimi wani lokaci yakan ƙara wa wasa armashi, wani lokaci kuma ya tauye shi.

Ta uku ita ce tsadar tikiti. A 2001 *The Producers* ya fara sayar da kujerun alfarma a kan dala 480, a 2016 kuma *Hamilton* ya kai nasa dala 849. A kakar 2018-2019 Broadway ta tara dala biliyan 1.83, a ta 2024-2025 kuma dala biliyan 1.89, alhali yawan 'yan kallo bai ƙaru ba. Ƙarin daga farashi ya fito. Idan kuwa masu hali kaɗai ke iya shiga, to, abin da ransu ke so shi za a riƙa rubutawa.

7.0 Kammalawa

Ba za a ce jadawalin ba shi da amfani ba. Yana nuna lokutan shekara da jama'a ke cika gidaje, yana kuma gargaɗin ɗan wasa da makaɗi tun kafin aikinsu ya ƙare. Kuskuren shi ne a ɗora masa hukuncin da ba nasa ba. Bai isa shaida a kan lafiyar aljihun wasa ba sai an haɗa shi da uwar kuɗi da kuɗin gudanarwa, balle a kan darajar wasan a matsayin adabi. Wannan hukunci na biyu yana nan a wuyan manazarci, wanda aikinsa ne ya dubi jigo da salo da yadda waƙa ta ɗauki labari, ko gida ya cika ko bai cika ba.