3.4 Gidajen Shagari a Ma'aunin Gidan Bahaushe

Bayan an gama Yaƙin Basasa a 1970 ne gwamnatin tarayya ta shiga harkar gina wa talakawa gidaje gadan-gadan, har ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Amma shirin da ya fi shiga bakin jama'a shi ne na Shugaba Shehu Shagari (1979–1983), wanda ya ƙudurta gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya tarar da shirin bai kai ko rabin abin da aka zayyana ba.

An fi ɗora laifin a kan 'yan kwangila da siyasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni, ga shi kuma jihohi irin su Kano, inda Abubakar Rimi na PRP yake mulki, ba sa ga-maciji da NPN. Sai dai wannan bayani bai taɓo babbar matsalar ba, wato fasalin gidan kansa.

Idan aka ɗauki gidan manomi a gari kamar Ƙafin Maiyaki, da ke ƙaramar hukumar Ƙiru, za a ga zaure ne farkonsa. A nan maigida yake karɓar baƙi, a nan almajirai suke kwana, kuma shi ne iyakar da namiji baƙo ba ya ƙetarewa. Daga ciki akwai tsakar gida, inda ake daka da girki da shanya, inda kuma matar kulle take yin ƙuli-ƙuli ko ƙosai ta aika yara talla. Ga turaka, ga ɗakin kowace mace, ga rumbu da turken awaki. Gidan Shagari mafi ƙanƙanta kuwa ciki ɗaya ne da falo, ƙofarsa tana kallon titi. An zana shi ne domin ma'aikaci mai mace ɗaya, mai sayen abinci da albashi, aka kuma watsa zanen daga Legas har Sakkwato. Mai mata biyu ina zai sa ta biyun? Hatta makewayi da aka haɗa da ɗaki, ruwan famfo yake bukata, abin da ba kowane gari ne yake da shi ba.

Ana iya cewa an bar fili domin mai gida ya faɗaɗa, kuma haka ne. To amma abin da mazauna suka saba fara ginawa shi ne katanga, sannan ɗakin ƙofar gida mai zaman zaure. Ke nan talakan da aka ce za a sauƙaƙa wa, da kuɗinsa ya sayi bulo ya mayar da ginin irin wanda matarsa za ta iya fitowa tsakar gida ba mayafi.