Makarantar Jiragen Dare ta Lossiemouth

A watan Mayun 1940 rundunar saman Birtaniya ta buɗe Sashen Horon Yaƙi na 20 a Lossiemouth, bakin teku a arewacin Sikotland. Wanda duk ya zo nan ya riga ya koyi sana'arsa a wani wuri, wani a Kanada, wani a Afirka ta Kudu. Aikin wannan sashe shi ne ya ɗauki baƙi biyar ya mayar da su tsintsiya ɗaya a cikin jirgin Wellington mai injin biyu.

Matakin farko ya fi ba ni mamaki. Sai a tara samarin a rumfar jirage a ce su zaɓi juna da kansu. Matuƙi ya zagaya ya nemi mai lissafin hanya, su biyu su nemi mai saita bam, da mai rediyo, da mai bindigar wutsiya. Da ɗan gajeren zance mutum ke zaɓar wanda zai damƙa wa ransa.

Daga nan sai maimaici. Jirgi ya tashi, ya kewaya fili, ya sauka, ya sake tashi, da rana sannan da dare, har hannun matuƙi ya san nauyin jirgin ba sai ya yi tunani ba. A ƙasa kuma ana ta gwada yadda za a fita a shiga kwalekwalen roba in jirgi ya faɗa teku, kowa da ƙofarsa da abin da zai ɗauka.

Amma gwanintar da ta fi ɓoyuwa tana wajen mai lissafin hanya. Yana zaune bayan labule, da 'yar fitila, da taswira, da fensir, da ma'auni mai ƙafa biyu, da faifan Dalton, wato ɗan faifan da ake juyawa a fitar da lissafi. Ya san gudun jirgi, ya san inda hancinsa ya dosa, ya san lokaci. Abin da ba ya gani shi ne iska. Iskar gefe mai gudun mil 30 a awa, in an ƙyale ta, cikin awa guda za ta kai jirgi mil 30 daga hanya. Saboda haka sai ya nemi shaida: mai saita bam ya hango bakin kogi ya faɗa masa, ko shi da kansa ya auna tsayin tauraro da sekistan, na'urar da kumfan ruwa ke tsaya mata a madadin sararin ƙasa. Daga 1942 aka ƙara da Gee, akwatin da ke karɓar bugun rediyo daga tashoshin Birtaniya. Ya ɗiga inda yake, ya gwada da inda ya kamata a ce yana, tazarar ta nuna masa iskar, ya ba matuƙi sabuwar alƙibla. Bayan 'yan mintuna ya sake daga farko, hannu na sanye da safa saboda sanyi. Da an sauka malamai su bi takardarsa layi-layi, kuma wanda ya yi kasala ya cike gurbi da ƙiyasi, takardar ce ke tona shi.

Tsananin yana da dalili. Binciken Butt na 1941 ya nuna cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya ne kacal ya zo cikin mil 5 na inda aka nufa.

Mai bindigar wutsiya kuwa ana koya masa ya zama idon matuƙi na baya. Jirgin farauta na gida zai kawo farmakin wasa, shi kuma ya jira daidai lokaci ya yi kira, matuƙi ya dulmiya hagu, ya hau dama, yana murɗawa, kyamara na ɗaukar saitin bindigar don a duba daga baya.

Horon kansa na cin rai. Jiragen sun tsufa, duwatsun Sikotland na cikin hazo, kuma fiye da mutum 8,000 na rundunar jiragen bam sun mutu a haɗurra ba a fagen daga ba. A daren 30 ga Mayun 1942, da ake neman cika jirage dubu don kai wa birnin Kolon na Jamus hari, har sassan horo aka kwaso, malamai da ɗalibai, kuma ɗaruruwan mutanen birnin suka mutu a daren. Waɗanda suka kammala sukan wuce wani sashe, a ƙara musu injiniya da mai bindiga na biyu, su zama bakwai a jirgin Lancaster ko Halifax.