Ina Dakare a Littafin Churchill?

Littafin Winston Churchill mai suna The River War ya fito a 1899, shekara guda bayan da rundunar Kitchener ta murƙushe mayaƙan Halifa Abdullahi a Karari, arewa da Omdurman, ran 2 ga Satumba 1898. Churchill yana wurin, saurayi ɗan shekara 23, hafsa cikin mahaya dawaki na Ingila. Gwanin ba da labari ne ƙwarai. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohon sojan Bama a ƙauyensu, ya ga tabon harsashi a ƙafarsa, zai karanta littafin yana tambaya: ina dakare, wanda ya taka rairayin nan da ƙafa?

Sukuwar da mahayan su Churchill suka yi ba ta canja kome a sakamakon yaƙin ba, duk da haka ta ci shafi bayan shafi, har da sunayen hafsoshi. Bataliyoyin baƙaƙen Sudan da Hector Macdonald ya jagoranta kuwa, su suka tare farmaki mafi haɗari a ranar. Da yawansu dā bayi ne. Marubucin ya yaba musu, amma irin yabon da mai garke kan yi wa shanunsa. Haka ma sojojin Masar da na Sudan da kwalara ta kashe a sansanonin bakin Nilu a 1896, adadi kawai suka zama.

Inda littafin ya fi nauyi shi ne inda Churchill ya koma filin daga bayan kwana uku. Mayaƙan Halifa wajen 10,000 sun mutu, gefen Kitchener kuwa ba su kai 50 ba. Waɗanda aka ji wa rauni suna nan kwance cikin rana, ba likita, ba ruwa, waɗansu suna jan ciki kaɗan kaɗan suna neman kogi. A nan alƙalaminsa ya daina fahariya. Ya dubi mutum ɗaya ɗaya, ya ga ƙishinsa da karyayyen ƙashinsa. Saboda waɗannan shafuka ne ya kamata a karanta littafin. Mu Kirista kuma sai mu lura da kwanan wata, gama ran 4 ga Satumba aka yi sujadar tunawa da Janar Gordon a kangon fadar Hartum, mutumin da ya mutu tun 1885, alhali masu rai suna nishi a hayin kogi.

Mai neman littafin ya duba ko wane bugu ne ya samu. Na 1899 juzu'i biyu ne, a ciki Churchill ya zargi Kitchener a kan kashe masu rauni da kuma wulaƙanta kabarin Mahadi. Ya shiga majalisar Ingila a zaɓen 1900. Da aka sake buga littafin a juzu'i ɗaya a 1902, sai aka tarar yawancin zargin nan ya ɓace.