Mutumin da Ya Daina Kallon Kofato

Duk shekara, idan Asabar ɗin farko ta watan Mayu ta gabato, lokacin babban tseren dawaki na Kentucky Derby a Amurka, sai masu sharhi su fito suna karanta zuciyar doki. Wannan, in ji su, jagoran garke ne. Wancan ba ya jure cunkoso. Wancan kuwa kunnuwansa sun nuna ya karaya tun kafin a saki linzami. Duk sa'ad da na ji irin wannan magana sai in tuna da wani Bajamushe, Oskar Pfungst, wanda ya nuna wa duniya cewa shakka ma sana'a ce mai ƙa'ida, kuma tana da gwanayenta.

A birnin Balin, a shekarar 1904, akwai wani ingarma mai suna Hans, daga irin Orlov na ƙasar Rasha, dawakin da aka sani da tseren jan keke. Ubangidansa, Wilhelm von Osten, tsohon malamin lissafi ne, kuma ya yi imani ya koya wa dokinsa ƙirga. A tambayi Hans uku da biyar nawa ne, sai ya buga kofato sau takwas ya tsaya cak. Jama'a na tururuwa zuwa tsakar gidansa, dattijon kuwa ko sisi ba ya karɓa. Aka kafa kwamitin mutum 13 ƙarƙashin Farfesa Carl Stumpf, cikinsu har da likitan dabbobi da hafsan sojan doki da mai gidan wasan dabbobi. Suka duba, suka ce babu wata yaudara. Gani ya kori ji, magana ta ƙare ke nan a wurin mutane da yawa.

Pfungst, wanda ke aiki ƙarƙashin Stumpf, bai ƙaryata kowa ba, bai kuma zargi dattijon da damfara ba. Tambaya ɗaya ya riƙe: a lokacin da dokin ke amsawa, wa ya san amsar a wurin? Sai ya shirya gwaji. A ɗaga wa Hans kati mai lamba ta yadda mai tambaya ba ya ganin abin da ke rubuce. Ko kuma von Osten ya raɗa wa dokin lamba a kunne, Pfungst ya raɗa masa wata, sannan a ce ya haɗa, alhali babu ɗayansu da ya san jimillar. Ya yi ta maimaitawa yana rubuta dace da kuskure duka. Sakamakon ya fito fili: idan mai tambaya ya san amsa, Hans na dacewa kashi 89 cikin 100; idan bai sani ba, kashi 6 kacal. Da aka sa masa makarin ido ya kasa ganin mai tambaya, sai ƙirgar ta watse, dokin ya yi ta fama ya waiga. Har cizo Pfungst ya sha a wajen wannan aiki, bai fasa ba.

A nan gwanintar ta fi burge ni. Kowa a tsakar gidan nan idonsa na kan kofato. Pfungst ya ɗauke nasa ya mayar kan mutumin da ke tambaya. Ya lura cewa da zarar mutum ya yi tambaya, sai ya ɗan sunkuya don ya ga ƙafar dokin, Hans kuwa sai ya fara bugawa. Idan bugun ya kai adadin da ake jira, sai kan mutumin ya ɗan zabura sama, motsin da bai kai kaurin farce ba, wanda shi kansa bai san ya yi ba. Nan take Hans ke tsayawa. Don ya tabbatar, Pfungst ya koma ɗakin gwaji ya zama dokin da kansa. Mutane su riƙe lamba a zuci, shi yana buga hannu yana kallon kansu, yana kuma cankar lambar akai-akai. A 1907 ya buga littafin binciken, kuma har yau masana halayyar dabbobi na kiyaye darasinsa: wanda ke auna dabba kada ya san amsar da ake nema.

Wannan ma'auni shi ya dace a ɗora wa masu karanta zuciyar dokin tsere. Doki na da hali, duk wanda ya taɓa share barga ya san haka: akwai mai tsoro, akwai mai taurin kai, akwai wanda ke jin fargabar mahayinsa ta cikin linzami. Matsalar tana wajen mai fassara. Gumin da ya jiƙa wuyan doki kafin tsere yana iya zama tsoro, yana iya zama zafin rana. Wanda ya riga ya san sunan dokin da tarihin nasarorinsa zai ga jarumta a kowane kaɗa kunne, kuma bayan an gama tsere kowace alama sai ta zama hujja. Mai bin tafarkin Pfungst zai ce a ɓoye sunan dokin, a rubuta hasashe tun kafin a fara tsere, a yi haka a tsere ɗari, a ƙirga inda aka kuskure kamar yadda ake ƙirga inda aka dace. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Von Osten ya rasu a 1909 bai yarda da sakamakon ba. Amma binciken ya ƙara wa Hans daraja a idona. Dokin da bai san lissafi ba ya hango a jikin mutum motsin da ya kuɓuce wa masana 13, kuma sai da aka sami mai haƙurin ƙirga kuskure kafin aka gane ainihin baiwarsa.